Albasar da Ba Ta Yi Baƙi Ba

Bayan Allah da Manzonsa, babu abin da babana ya yarda da shi kamar albasa. Ita ya tashi ya tarar ana nomawa a Garou, ita ya noma har gemunsa ya yi fari. In mura ta kama ka, albasa. In kunama ta harbe ka, a fasa albasa a goga. In yaro ya suma, a matse masa ita a hanci. Mukan yi masa tsiya mu ce ranar da jirgin ruwa ya huje, Baba albasa zai nemo ya liƙe. Ba ya dariya, sai dai ya ce mu yi ta yi, ai da ita aka aurar da mu duka.

'Yata ta fari a hannunsu take. Tun da aka yaye ta aka kai ta Garou, yadda ake yi a gidanmu, ni kuma ina Malanville gidan miji, ina kasa albasa da yaji a kasuwa. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane. In zan yi zancenta sai in ce yarinyar nan. Baba kuwa amaryarsa yake ce mata, ita ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Kwano ɗaya suke ci tun tana rarrafe. In an zuba masa tuwo ba ya sa hannu sai ta wanke nata ta zauna gabansa. A lokacin da nake ba da labari haƙoranta na gaba sun fara faɗuwa, ana zancen sa ta lakkol, wato makarantar boko, in damina ta wuce.

Shekarar kogi ya cika ya shanye shinkafar fadama. Tsakiyar damina ce, hatsin bara ya kusa ƙarewa, kifi ya watsu cikin ciyawa ba ya kamuwa. Miya a gidajen ƙauye ta koma kuka da gishiri. A irin wannan lokaci ne matan wajen Guéné suke shigowa kasuwa da naman kaza a faifai, wasu su saya suna murna. Mu ba ma cinsa. Duk abin da ya tsiro da hula bayan ruwan sama, sunansa ɗaya a wurinmu, lemar kwaɗi, kuma da ƙafa muke turewa mu wuce. Ashe Baba ya zo kasuwa ya tsaya kan faifan matan nan, ya kalla, ya tambaya yadda ake dafawa, ya koma gida da abin a ransa.

Ranar ina rumfata da hantsi, ina ware albasar da fumfuna ta fara ci, sai ga maƙwabcin su Baba, wani mai kabu-kabu, ya kutsa babur har bakin buhunana. Bai ko gaishe ni ba.

"Taso maza. An kawo ɗiyarki likita, ita da tsoho."

Ban san wa na bar wa kayana ba. Na dai ga kaina a bayan babur, takalmi ɗaya a ƙafa.

Na tarar da ita a kwance a wani ɗaki da aka keɓe, don da farko an ɗauka kwalara ce. Amai da zawo kamar an ɓalle famfo. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, hannu ya yi sanyi. Baba yana kan tabarma a gefe, an sa masa ƙarin ruwa, shi ma yana ta yunƙurin amai. Inna tana tsugune a ƙofa ta rufe fuska da mayafi. Babban ma'aikacin wurin, wanda muke kira majo, mutumin kudu ne, yaren Dendi a bakinsa a karye yake amma ana ganewa. Yana ta neman jijiya a hannun yarinyar, ya soka nan ya soka can, ita ko motsi ba ta yi. Da ƙyar ya samu a ƙafa. Sannan ya juyo ya ce ba kwalara yake gani ba, a faɗa masa abin da suka ci.

Inna ce ta faɗa. Jiya da marece Baba ya kawo lemar kwaɗi 'yan kaɗan, ta sa a miya, shi da yarinyar suka ci suka kwana lafiya. Da ya ga haka, da safe ya fita ya ciko kwando daga wani wurin daban, ta yanka ta ƙara a ɗumame. Ita ba ta ci ba, ƙyama ta hana ta. Kafin rana ta ɗaga sosai su biyun sun fara amai.

"Amma na gwada," in ji Inna. "Wallahi na gwada. Tsohonku yac ce a jehwa albasa guda cikin tukunya, in da dahi za ta yi baƙi. Na jehwa, hwara ƙal ta hito."

A gaban majo, a gaban baƙi, na ɗaga wa iyayena murya.

"Albasa! Albasa likita ta? Ko malam ta? Kun ɗauki abin da ko akuya ba ta ci kun ba yarinya, don albasa ta ce a ci?"

Baba ya juyar da fuskarsa bango.

Majo ya ja ni waje ya yi mini bayani a tsaye. Ya ce abin nan iri-iri ne, ba suna ɗaya ba ne kamar yadda muke kiransa. Akwai na ci. Akwai mai tayar da ciki nan take, ya wahalar da mutum, amma in ana mayar masa da ruwa yakan tashi. Akwai kuma mugun, wanda ba ya nuna kansa da wuri. Sai an kwana, sannan amai ya zo, sannan mutum ya yi kamar ya warke har a sallame shi, alhali dafin yana can yana cin hanta. In na safe ne ya kayar da su, da sauƙi. In na jiya ne yake aiki a hankali, ko kuma an haɗa da mugun a cikin na safe, to nan ba wurinta ba ne, sai a ɗauke ta zuwa babban asibiti can kudu tun hanta ba ta taɓu ba. Sai dai yadda ruwa ya ƙare a jikinta, ya ce yana tsoron hanyar kanta ta kashe ta. A zauna haɗari, a tafi haɗari. Ya ce ba zai iya zaɓa da ka ba, sai an kawo masa abin da suka ci, duka biyun, tun daga hula har gindin da ke cikin ƙasa.

Mijina yana kan hanya da babbar motar albasa, waya ba ta shiga. Na koma na tambayi Inna ko akwai saura. Babu. Ƙafafun lemar ta yanke ta zubar a juji, kaji sun tone. Tukunya kuma da ta ga sun fara amai ta ƙwaƙule ta wanke da toka don tsoro. Na ce to ina ya tsinko? Ba ta sani ba, ita dai kwando aka miƙo mata.

Sai Baba ya yi magana, fuskarsa har yanzu a bango.

"Ni kaɗai na san wurin."

Majo ya ce tsoho ba ya zuwa ko'ina, ko tsayuwa ba zai iya ba. Baba ya ce ko a cire masa allurar ko ya cire da kansa. Majo ya dube ni, don ni ce zan yanke. Ubana ne a gefe guda, yana iya mutuwa a hanya. Na dubi ƙafar yarinyar da roba ke shiga, na ce a cire masa. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ko a lokacin na san abin da na zaɓa.

Muka sa shi tsakanina da mai kabu-kabu, na ɗaure shi da mayafina a bayan mutumin don kada ya zame. Hanyar Garou duk taɓo. Inda ruwa ya yanke sai mu sauka, mai babur ya tura, ni in riƙe Baba a kafaɗa. Yana amai a jikina, ba abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci. Ina jin ƙasusuwan bayansa a ƙirjina. Haushinsa nake ji kamar in mutu, tausayinsa kuma ya hana ni numfashi. Ban ce masa sannu ba ko sau ɗaya.

Wurin jiya wani tsohon suri ne a bakin gonar dawa. Ya nuna da haɓa. Saura guda biyu, launin ƙasa-ƙasa, tsakiyar hular da ɗan tsini. Na kama zan fizge, ya riƙe mini hannu ya ce majo ya ce har gindi. Mai babur ya ba mu wuƙa, na yi ta haƙa. Abin ba shi da gindi irin wanda na zata, wata doguwar wutsiya ce siririya take nutsewa cikin ƙasa, na bi ta har hannuna ya shige zuwa gwiwa, gara tana cizona, kafin ta tsinke. Na naɗe a ganye.

Wurin safe ya fi nisa, wani tsohon mashekarin shanu ne da makiyaya suka tashi suka bari, ciyawa ta yi shar a kan taki. Tun daga nesa na hango su, farare tas, sun yi da'ira a cikin ciyawa, manya kamar faifai. Na tsaya ina kallo. Gaskiya ce zan faɗa, suna da kyau. Mai yunwa in ya gan su zai ce Allah ne ya aiko masa. Baba ya zame daga hannuna ya durƙusa, ya shiga tona da yatsu. Ya ciro babba da ƙarami da wanda bai buɗe ba. Kowanne da zobe a wuya, bisan hular da ɓawo-ɓawo. Ya jera su a gaban rigarsa yana kallo.

"Tun ina yaro albasa ba ta taɓa yi min ƙarya ba," ya ce, ba da ni yake ba.

"Tashi mu tahi, Baba. Ɗiyar tana can."

Wannan ne karo na farko da na ce ɗiya a gabansa. Ya ɗago ya dube ni.

Mun dawo an yi azahar. Aka mayar wa Baba da ruwansa, ya kwanta kamar gawa. Yarinyar tana nan yadda na bar ta, sai dai zawon ya fara zuwa da jini. Majo ya shimfiɗa abin da muka kawo a kan benci, ya ɗauki hoto ta sama da ta ƙasa, ya tsaga ɗaya ya sake ɗauka, ya aika wa wani abokin karatunsa da ke koyarwa a jami'a, wanda aikinsa ke nan, sanin ire-iren naman kaza. Allah ya sa mutumin ya kira. Suka yi ta Faransanci, ni ina tsaye ina kallon bakin majo ko zan tsinci wani abu.

Da ya ajiye waya ya ce na suri mai wutsiya lafiyayye ne, shi ne wanda matan Guéné suke sayarwa, gara ce take noma shi a cikin gidanta. Na ji kamar an sauke mini rabin kaya. Amma farin mai zobe, malamin ya ce ba zai rantse a kan hoto ba, don akwai masu kama da juna, kuma kuskure a nan rai ne. Ya ce a yanke hular babban, a kife ta a kan abu mai rabi fari rabi baƙi, a rufe kada iska ta shiga, a jira. Akwai ƙura mai laushi da ke zubowa daga ƙarƙashin hular, ita ce irinsa. In ƙurar ta fito kore, mai tayar da ciki ne, a zauna a ci gaba da ruwa. In ta fito fara, kada a tsaya tambaya, a sa ta a mota.

Na ce a jira har yaushe? Ya ce sai ta zubo.

Inna ta zo da kwanon kunu mai farin murfi. Muka kwance murfin, muka shimfiɗa baƙar leda a rabinsa, majo ya kife hular a tsakiya, muka rufe da ƙwarya a lungun baranda. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ban taɓa jin wauta da baƙin ciki irin na ranar ba. 'Yata tana ciki tana ƙarewa, ni ina waje ina gadin ƙwarya. Da safe albasa aka tambaya, yanzu kuma murfin kwano. Na ce a raina, ya Allah, ran yarinyar nan a hannun kayan miya da kayan ɗaki zai ƙare?

Ban daɗe ba na ɗaga ƙwaryar. Babu komai, murfi fari, leda baƙa. Majo ya gan ni ya yi mini faɗa, ya ce duk ɗagawa mayar da aiki baya ne. Na mayar, na zauna a kan hannuwana. Mai kabu-kabu ya je tasha ya yi magana da wani direba, ya dawo ya ce mota tana nan in an ce a tafi, amma ba zai jira har duhu ba saboda hanya. Mata masu jinya suka kewaye ni, kowa da tata. Wata ta ce a ba ta madara, wata ta ce man ja, wata ta ce ita da 'yarta ce da tuni suna hanya. Na ce mata ai ba 'yarki ba ce, ki rufe mini baki. Har yau in mun haɗu a kasuwa ba ta gaishe ni.

Bayan la'asar Inna ta leƙo ta ce in zo. Yarinyar ta daina buɗe ido. Ana taɓa ta ba ta motsi, numfashin sama-sama. Majo ya ƙara buɗe robar, ya rataya wata. Na durƙusa a bakin gadon na kama fuskarta. Duk kunyar da aka koya mini tun ina budurwa ta fita daga kaina. Na kira sunanta. Na sake kira da ƙarfi, a gaban Inna, a gaban Baba, a gaban kowa. Sunan ya yi mini baƙo a baki, don ban taɓa furta shi ba tun ranar suna. Ta ɗan motsa gira, ba ta buɗe ido ba.

Na fito na ce wa majo ni na gaji, a kira mota, gara ta mutu ana gudu da ita da ta mutu ina kallon ƙwarya. Ya dubi rana, ta yi ƙasa. Ya ce to mu duba, abin da muka gani shi ke nan.

Shi ya ɗaga ƙwaryar. Ya sa tsinke ya ɗauke hular a hankali. A kan baƙar ledar ban ga wani abin kirki ba. A kan farin murfin kuwa ga zane nan, layi-layi daga tsakiya zuwa baki, kore mai duhu irin gansakukar gindin randa. Na ce masa ya faɗa da bakinsa, kada idona ne. Ya ce kore ne. Ya ɗauki hoto ya aika, amsa ta dawo nan da nan. Ya ce a sallami direba.

Ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba. Na dai zauna daɓas a kan siminti. Sanin sunan abin bai tashe ta ba, ya dai gaya mana inda za mu tsaya mu yi yaƙin. Aka yi ta rataya ruwa ana saukewa. Washegari zawon ya ragu. Da aka ƙara kwana ta buɗe ido sosai, ta dube ni ta kawar da kai, ta ce ina tsoho. Aka nuna mata shi a tabarma. Ta ce masa da 'yar muryar da ta rage mata, "Tsoho, ba ka mutu ba?" Duk ɗakin aka yi dariya. Shi kaɗai ne bai yi ba.

Da aka sallame su na kai ta gidana don ta ƙara jin ƙarfi, da niyyar in ta murmure a mayar da ita Garou. Ranar kasuwa ta zagayo sai ga Baba a kan kekensa, ya rame har hula tana yi masa yawa. A bayan keken ya ɗauro ƙunshin kayanta, da 'yar tabarmarta, da ludayin da take shan fura. Ya sauke a ƙofar ɗakina.

"Ga kayan ɗiyarki. Ta zamna wurinki."

"Baba, wa yac ce a yi haka? Abin da na hwaɗi a likita zahin rai na. Ka yi min gahwara."

"Ba ki hwaɗi ƙarya ba."

Na roƙe shi, mijina ya roƙe shi, daga baya Inna ta yi kukanta ta gaji. Bai sake ba. Da zai tafi yarinyar ta riƙe bayan keken da hannu biyu tana ihu, ita Garou za ta. Ya sunkuya ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Amarya, sake ni," ya hau bai waiwayo ba.

Bai daina noman albasa ba, bai kuma daina zuwa ba. Duk ranar kasuwa yakan biyo ta gidana, ya kawo mata rake ko gyaɗa, su yi ta tsiyarsu kamar da. In na zuba masa abinci sai ta ruga ta wanke hannu, ta zo ta zauna gabansa tana jira ya buɗe kwano. Sai ya tura mata kwanon gabanta, ya ce ta ci ita kaɗai, shi azumi yake. Ta yi ta yarda har ta girma ta daina tambaya. Har ya koma ga Allah, duk ranar da Baba ya zo gidana azumi yake yi.